Injin da Ya Ƙi Shiga Zauren Malam Labbo

Gara in faɗa da bakina kafin mutanen Zurmi su riga ni, don su idan suka tashi ba da labarin nan sai sun ƙara masa gishiri. Ni ne aka ba amanar zaɓo ƙaramin inji, na je na ɗauko wanda ya fi ƙofar gidan mai shi faɗi. Kuma ba a buge nake ba, lokacin ma an riga an rufe wuraren da ake buguwa. Da hankalina na yi, har ina taƙama.

Sunana Bawa, a Kaura ana ce mini Bawa Mai Sassaƙar Ƙarfe. Boko ban yi nisa ba, malaminmu ne da kansa ya je ya roƙi babana ya ɗauke ni. Ku yaran yanzu da kuke tsayawa bakin shagona kuna cewa ai injin ne ke aiki, tsoho dafa shi kawai yake yi, ku samu wuri ku zauna.

Ga wanda bai taɓa ganin injin sassaƙar ƙarfe ba, abin ba wuya a faɗa. Yana da muƙamuƙi da ke cafke ƙarfe ya yi ta juya shi da gudu, kai kuma ka matso da wuƙa a hankali tana fere shi kamar ana fere rake. Wuƙar tana tafiya ne a kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu santsi, su muke kira gado. A baki ke nan. A hannu kuwa, ni sai da na yi shekaru ina sharar ɓarɓashin ƙarfe a shagon maigidana Baba Isiyaku kafin ya yarda in taɓa.

Baba Isiyaku a wurin gyaran jirgin ƙasa ya koyi aikin, a can kuma ya bar kunnensa ɗaya. Aikin farko da ya sakar mini bushin ne, wato zoben ƙarfen da sanda ke juyawa a ciki, na injin niƙan wani mutumin Banga. Na auna, na yanka, na ga kamar da saura, na ƙara ɗan taɓawa. Da aka zo sa shi, sai ya shige ya fito ta ɗaya gefen yana rawa. Maigida bai buge ni ba. Ya samo igiya ya zura a bushin ɗin ya rataya mini a wuya, ya ce in yi ta yawo da shi har sai na gano yadda ake mayar da ƙarfen da aka cire. Da shi na je masallaci, da shi na je zance. Har yau ban gano ba. Wata rana kuma na manta mabuɗi a jikin muƙamuƙi na kunna inji, mabuɗin ya tashi ya fasa butar alwalar maigida. Ya dubi butar, ya dube ni, ya ce da kaina ya samu da ba a yi asarar komai ba.

Da ya rasu, injinsa ya dawo hannuna, da masu kawo masa aiki. Direban gingimari zai zo da guntun ƙarfe naɗe a tsumma, ya ce, "Irin wanga nika so, sak." Ƙarfen kuwa ya cinye har ya zama rabin kansa. In ka yi masa sak, gobe ya dawo yana zage-zage. In ka yi masa yadda ƙarfen yake tun yana sabo, ya ce ba shi ya kawo ba. Masu noman fadama su kawo sandar injin ban ruwa ta lanƙwashe, kowannensu ya rantse shukarsa yau za ta mutu in bai samu ba. Da waɗannan na ci, na sha, na yi aure.

Sai aka ba mu jiha. Muka yi murna, muka ce aiki zai yi ta zuba. Ya zuba, amma a Gusau. Manyan kanikawa suka kwashe kayansu suka bi shi can. Bayan haka aka shiga wahalar man fetur, motoci suka jeru a tasha har kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, wutar lantarki kuma ta koma baƙuwa. A cikin wannan yunwar ne wani ya kawo mini sandar tarakta wadda ta fi ƙarfin injina. Na san ta fi ƙarfinsa. Na ɗaura ta. Kan injin ya tsage da wata ƙara da har yau ina jin ta a haƙorina. 'Yan gwangwan suka zo suka auna abin da Baba Isiyaku ya bar mini suka tafi da shi. Na koma wasa wuƙaƙe da almakashi a bakin kasuwa, mai sassaƙar ƙarfe ba inji. Masu fawa suna kirana injiniya don su ji daɗi.

A nan Malam Tukur ya same ni, bayan an ƙaddamar da Shari'a. Malamin kimiyya ne a Zurmi, siriri, mai tabarau, irin mutanen da ke neman gafara in kai ka taka su. Ya buɗe jaka ya fito da wani gilashi mai kauri kamar bakin kwanon sha, wanda ya samo wurin 'yan gwangwan a Kano, da wasu ƙanana da ya ciro daga fasasshen madubin hangen nesa na alhazai. Ya ce so yake ya haɗa nasa madubin, na duban wata.

Na ce, "Malam, wata ai kyauta aka ganin shi."

Sai ya ba ni labarin mahaifinsa. Malam Labbo, tun yana saurayi shi ne mai ganin jinjirin wata a yankinsu. In ya ce ya gani, alƙali ba ya ƙara tambaya, har daga Gurbin Bore ake aiko a ji ta bakinsa. To ido ya fara gajiya. Bara ya fita duban watan azumi, ya ce ga shi can, aka duba aka duba, ashe guntun farar leda ce ta maƙale a kan ƙaya. Ba wanda ya yi dariya a gabansa. A bayansa kuwa har yara sun samu abin waƙa. Ga shi yanzu an kafa kwamiti na duban wata, ana tantance shaidu, kuma ba a aiko masa ba. Tun daga ranar tsohon bai ƙara ɗaga kai sama ba.

"So nike ya gan shi bana," in ji Malam Tukur. "Ko sau guda."

Abin da ya rage masa shi ne wurin da ido ke zama: bututu biyu ƙanana, ɗaya cikin ɗaya, da zare mai laushi, wato irin murɗaɗɗen layin nan da noti ke bi, don a riƙa matso da gilashi kaɗan-kaɗan har hoto ya fito. Ya kai wa masu walda sun yi masa abu kamar bututun hayaƙin babur. Shi ne ya yanke shawarar ya sa kuɗin adashensa ya sayi ƙaramin inji. Ni in zaɓa, ni in yi aikin, in an gama kuma injin ya zauna hannuna ina juyawa.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta lalata ni. Tun bai rufe baki ba na fara ganin direbobin gingimari a layi.

Ranar Alhamis muka tafi kasuwar Shinkafi, wurin wani Alhaji Ɗan Jumma mai tara tsofaffin injuna da ake shigowa da su ta Nijar. A bayan rumfarsa akwai injin sassaƙa biyu. Ɗaya ƙarami, mutum biyu za su ɗauke shi su ɗora a tebur. Ɗayan kuwa kwance yake kamar raƙumin da ya ƙi tashi.

Ku saurara nan, don ko ban yi aiki da sanina a ranar ba, na san yadda ake duba inji. Ka kama muƙamuƙin da hannu biyu ka girgiza, in ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗinsa ya tafi. Ka ja farcenka a kan gado kusa da kai, inda aka fi aiki, in farce ya faɗa kwari, injin ba zai ƙara yanka abu miƙaƙƙe ba. Ka murɗa hannun wuƙa gaba ka dawo da shi baya, ka ji nawa yake tafiya a banza kafin wuƙa ta motsa. Sannan ka tambayi giyoyin yanka zare, wato faya-fayan ƙarfen nan masu haƙora, don kowane irin zare da nasa giyar, kuma su ne abin da ke fara ɓacewa. Na ƙarshe, ka dubi irin wutar da yake ci.

Na yi wa ƙaramin duk wannan, ina addu'ar ya faɗi. Bai faɗi ba. Muƙamuƙi shiru, gado sumul, giyoyinsa cif a cikin gwangwanin madara, an ma shafa musu mai. Wutar gida yake ci, ƙaramin janareta zai tashe shi. Raina ya ɓaci. Na juya kan babban. Farcena ya faɗa kwari har sai da na ciro shi. Giyoyi babu ko rabi. Wutarsa mai layi uku ce, irin wadda ko a Kaura sai an nema. Na shafa shi na ce, "Malam, ga inji."

Malam Tukur ya gyara tabarau. "Malam Bawa, ni a littahin da na karanta, an ce ƙarami ya hi dacewa da irin wanga aiki."

"Littahin ya taɓa cire maka yatsa?" Na ɗaga masa ɗan yatsana da ya rasa kai. Ƙofar mota ce ta datse shi, amma shi bai sani ba. "Wancan na masu gyaran agogo na. Wata hwa za a duba, Malam, ba ƙwayar gero ba. Abu mai girma sai inji mai girma."

Alhaji Ɗan Jumma, wanda ya yi shekaru yana neman wanda zai raba shi da raƙumin nan, ya ce wallahi bai taɓa jin magana mai hankali irin wannan ba.

A-kori-kura ta ƙi ɗauka, sai da aka samo babbar mota. Muka isa Zurmi da la'asar, unguwa duk ta fito. Aka sauke shi a kan bututai aka gangara da shi har bakin zauren Malam Labbo, a nan ya tsaya. Aka gwada ta kai, aka gwada ta gindi. Wani ya ce a cire ƙyaure, aka cire, bai shiga ba. Wani ya ce a fasa bango. Sai ga tsohon ya fito da sanda, dogo, fari fat da furfura. Ya lalubi injin daga wannan kai zuwa wancan, tafiyar ta ɗauke shi lokaci.

"Tukur, wanga shi na ƙaramin?"

"Shi na, Baba. Malam Bawa ya ce shi ya dace."

"To. Allah Shi kyauta. Bangona dai a bar mani shi."

A ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida injin ya zauna, aka yi masa rumfar zana. Awaki suka samu wurin kwana.

Maganar wuta kuma, sai muka roƙi maƙwabcinsu mai injin niƙa, muka ja doguwar bel daga injinsa zuwa namu. Wato in ana niƙa ba a sassaƙa, in ana sassaƙa matan unguwa na tsaye da kwanon dawa suna yi mini addu'ar da ba ta alheri ba. Bututun farko na alminiyam da na ɗaura, muƙamuƙin ya matse shi ya zama kamar bakin agwagwa. Na biyu ya tsira daga muƙamuƙi, amma da wuƙa ta taɓa shi sai injin ya kama karkarwa, jikin bututun ya fito kamar bayan kada. Na uku na samu ya yi ɗan kyau, na zo yanka zare, giyar da ke akwai sai ta zaren notin tayar mota. Ka murɗa sau ɗaya, gilashi ya yi tsalle daga Zurmi zuwa Jibiya. Kullum ina gaya wa Malam Tukur laifin alminiyam ne. Kullum yana cewa, "To, Malam Bawa, kai ka san aikinka," ya tafi ya nemo wani.

Ana haka Sha'aban ya raba. Ni kuwa labari ya kai tasha cewa Bawa ya samu inji. In Malam Tukur ya tafi makaranta, sai in ɗan karɓi aikin direbobi, wanda shi raƙumin yake yi ba gardama. Malam Labbo na zaune a kan buzunsa a bakin zaure, yana jan carbi, yana jin komai.

Wata rana ina tsakiyar feren gangar birkin wata gingimari, direban na tsaye a kaina, sai na ji an yi sallama a bayana. An tashi makaranta da wuri. Malam Tukur ya dubi gangar birkin, ya dubi tulin bututansa da na lalata a gefe, akuya na lasar ɗaya. Na buɗe baki in ce gwada injin nake yi. Bai bari na wahala ba. Ya zauna a kan gadon injin, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Jiya Baba ya sa an wanke mashi farar rigar da yaka zuwa gaban alƙali da ita," ya ce. "Ban san mi zan ce mashi ba."

Da zagina ya yi da na samu abin ramawa. Na sallami direban da gangarsa rabi a fere.

Alhamis ta zagayo na koma Shinkafi ni kaɗai. Alhaji Ɗan Jumma na hango ni ya fara murmushi.

"Injiniya, watan ya ƙanƙance ne?"

Na ce a yi musaya. Ya ce shi bai san ana mayar da kaya ba, kuma ƙaramin ma wani mai gyaran agogo daga Maraɗi ya sa rana. Muka yi ta ja har aka kira azahar. Abin da na cika masa ba zan faɗa ba, amma da babur na je Shinkafi, a bayan motar albasa na dawo, rungume da inji da gwangwanin madara. Kuɗin motar da ta mayar masa da raƙuminsa ma ni na san inda na samo.

Aikin da na yi a kan ƙaramin injin nan shi ne aikin da na fi so a duk rayuwata, kuma ba shi da girman da za a nuna wa mutum daga nesa. A cikin zaure muka ɗora shi a kan benci. Na bar alminiyam, na samo tagulla daga wani tsohon famfo. Na wasa wuƙa ƙarama kamar ta kaciya. Injin na juyawa ba ka jin komai sai ɗan zuu, tagulla na zubowa siriri kamar gashin masara. Na zaɓi giyar zare mafi laushi, na bi shi a hankali, in yanka kaɗan, in tsaya, in gwada, in ƙara. Duk lokacin da hannuna ya ce ƙara ɗan taɓawa, sai in cire hannun in sa a aljihu. Da na zura bututun cikin ɗan'uwansa, ya shiga yana fitar da iska, ba rawa, ba cijewa. Malam Tukur ya murɗa shi gaba, ya murɗa baya, ya yi ta yi kamar yaro da sabon wasa. Bai ce ai dama ya faɗa ba. Na so ya ce, mu wuce wurin.

Muka ɗaura babban gilashin a bakin bututun ruwa na roba, muka yi masa ƙafafu da katako. Ana gobe duban wata muka gama.

Ranar, kafin magariba, muka fita bayan gari inda aka girbe gero, sama garau. Malam Labbo na cikin farar rigarsa. Mutane sun biyo mu, wasu don wata, yawanci don a samu abin ba da labari. Rana ta faɗi, aka yi salla a nan cikin kara. Malam Tukur ya durƙusa yana lalube da madubin, ya daɗe, har aka fara tari a baya. Sai ya tsaya cak. Ya kama hannun mahaifinsa ya kawo shi, ya ɗora masa yatsu a kan tagullar.

Tsohon ya sa ido. Ya murɗa kaɗan. Ya ƙara murɗawa.

"Ga shi," ya ce. Can kuma, "Amma kihe yake. Ƙahonin na kallon inda bai kamata ba."

Malam Tukur ya ce haka irin wannan madubin yake, komai a kife yake nuna shi. Ni da ban san haka ba, na ce a ba ni wuri, na kama bututun na juya shi gaba ɗaya. Tsohon ya duba ya ce yana nan yadda yake. Na ƙara juyawa. Wani daga baya ya ce tunda Bawa ya kasa juya wata, sai dai a kama Malam a kifa shi. Aka yi dariya, har da Malam Labbo, amma bai ɗauke idonsa daga wurin ba. Ya faɗi tsayinsa daga kan itatuwa, ya faɗi kaurinsa, ya ce ga tauraruwa a gefensa. Ya miƙa sanda ya nuna wurin ba tare da ya ɗago ba. Masu ƙuruciyar ido suka bi sandar, sai ga wani Bafulatani ya ce ya gan shi, wani ma ya ce ya gani. Aka fara kabbara.

Washegari aka tashi da azumi, kuma an ce cikin waɗanda suka tsaya gaban alƙali a daren don ba da shaida har da Malam Labbo. Abin da ya faɗa a can ban sani ba, don ban raka su ba. Na ce zan tsaya in naɗe kaya.

Dalili kuwa, kafin su tafi, tsohon ya goge idonsa da hannun riga, ya laluba ya kamo ni ta kafaɗa, ya jawo ni gefe inda ɗansa ba zai ji ba.

"Bawa, na gan shi, ba ni shakka. Amma ka san alƙali ba ya karɓar shaida sai daga adali. Wanga idon da na gani da shi, kai ka sassaƙa shi. In ya tambaye ni ko mai shi adali na, mi kaka so in ce mashi?"